Zakiyyu Mai Basilla da Idanun 'Yar Farinsa

Duk wanda ya taɓa kai masara kasuwar Hunkuyi ya san Zakiyyu, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne mutumin nan da ke zaune a bakin layin 'yan hatsi, basilla a hannu, ƙullin zare rataye a wuya, yana ɗinke bakin buhunan da aka cika. Makaho ne, amma ka kuskura ka ce masa "Allah sarki", sai ya tambaye ka wa ya rasu. Buhun da ya ɗinke, ko daga saman mota aka wurgo shi, sai dai cikin ya fashe, ba dai bakin ba. 'Yan dako kan tsokane shi, wai ɗinkinsa ya fi na masu ido ne don shi ba ya tsayawa kallon 'yan mata masu tallan fura. Shi kuwa sai ya ce gaskiya suka faɗa, amma su sani muryar ma tana hana aiki.

A Taba aka haife shi, shi ne autan Inna Hajo. Ya zo duniya da idanu dara-dara, irin waɗanda ba a saba gani ba a fuskar jariri, har mata suka riƙa sallama gidan ba don komai ba sai don su kalle shi. Wannan ta ce kamar na ɗan maraƙi, waccan ta ce ai wannan in ya girma 'yan mata sun shiga uku. Kafin ya fara tafiya baƙin idon ya soma dusashewa, kamar an ɗiga nono a ruwa. Kafin ya isa shiga makarantar allo duniya ta rufe masa. Abin da ya rage masa na gani bai taka kara ya karya ba: jan kwanon shan da ake dama masa koko a ciki, da hasken ƙofar ɗaki, da kuma zafin da rana ke yi masa a ido har ya cusa kai cikin zanen uwarsa.

Inna Hajo ba ta taɓa shakkar abin da ya ci idon ɗanta ba. Kambun baka ne, bakin mutane, yabon da aka yi ta zubawa ba tare da an ce tubarkalla ba. A kan wannan ta tsaya, kuma duk Taba babu wanda ya musa mata. Sai dai ita ba irin matan nan ba ce da ke zama su rungume hannu suna kuka. Da wasu dangin mijinta suka kawo shawarar a kai yaron birni ya koyi bara, tunda dai abin da makafi ke yi ke nan, ta ce ido aka ɗauke masa, ba hannu ba. Ta zaunar da shi gabanta ta koya masa ɓarar gyaɗa da tufkar igiya da tsince tsakuwa a cikin wake, in ya yi ha'inci ta make masa hannu kamar kowane yaro. Da ya tasa, mahaifinsa Malam Ya'u, Allah Ya jiƙansa, ya kai shi Hunkuyi ya danƙa masa basilla. Har yau in Zakiyyu ya ci ya ƙoshi, abin da yakan ce shi ne, "Allah Ya saka wa Inna."

Yana saurayi wasu likitocin ido suka zo Maƙarfi duba mutane kyauta. Istifanus, wani direba da ke ɗaukar hatsi daga Hunkuyi zuwa Kaduna, wanda ba ya yarda kowa ya ɗinka masa buhu sai Zakiyyu, shi ya tasa shi gaba sai da suka je. Likitan ya daɗe yana haska idon, ya tambaye shi yadda abin ya faro, sa'annan ya yi ajiyar zuciya.

"Malam, ba zan yaudare ka ba, wannan idon ya riga ya tafi," in ji likitan. "Ciwo ne da ake haihuwar yaro da shi. Akwai wani ruwa a cikin ido da ke da hanyar fita. In hanyar ta zo a toshe, sai ruwan ya taru ya kumbura idon, mutane su ga girma su ɗauka kyau ne, alhali jijiyar gani ce ke mutuwa a ciki. Da an kawo ka kana jariri, da an buɗe hanyar. Kuma ka riƙe wannan: yana bin jini, musamman inda ake auren dangi. Ran da ka haifi mai manyan idanu, mai yawan hawaye, mai gudun haske, kada ka tsaya jiran komai."

Da ya koma gida Inna Hajo ta tare shi tun daga zaure. "Auta, me suka ce?"

Ya ji yadda muryarta ke rawa. Ya tuna duk malaman da ta bi, da tunkiyarta da ta sayar saboda rubutun sha. Yaya zai buɗe baki ya ce mata maganin yana nan a Kaduna tun lokacin, ita ce ba ta sani ba? Sai ya ce, "Sun ce sai haƙuri, Inna." Ya haɗiye sauran maganar, ya yi shekaru da ita a ciki.

Aurensa tuwona maina aka yi. Rahama 'yar kawunsa ce, ƙanin Inna Hajo da ke Saulawa ta ƙasar Ikara, kuma ita da kanta ta nuna tana so. Da ƙawayenta suka dame ta da tambaya, ta ce duk danginsu shi kaɗai ne namijin da ke bari mace ta kai ƙarshen maganarta. Ba a ce gargaɗin likita bai faɗo masa a rai ba. Ya faɗo, ya kwana biyu yana juya shi, amma wanda ke son Rahama ba ya rasa hujja. Ya ce Allah na nan, aka shafa fatiha.

Da ciki ya tsufa, Rahama ta tafi goyon ciki gidan iyayenta kamar yadda ake yi a haihuwar fari, a can ta sauka, ta sami 'ya mace. Ranar suna Zakiyyu na zaune a ƙofar gida cikin maza, an raɗa wa jaririya Ummuhani, ana ta rabon goro, sai ya jiyo hayaniyar mata daga cikin gida.

"Kai, ku zo ku ga ido! Dara-dara, na ubanta sak!"

Sai kuma muryar Inna Hajo ta tashi sama da ta kowa: "Ku ce tubarkalla! Wace irin mata ce ku? Ku ce tubarkalla, ko ku ba ni jikata!"

Goron da ke bakinsa ya koma masa kamar ɓawon itace. Abokansa na ta yi masa barka, yana amsawa.

To, a nan ne al'ada ta ɗaure shi hannu da ƙafa. Ɗan fari a ƙasar nan ba na iyayensa ba ne a idon jama'a. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya yi kuka ma sai ta yi kamar ba ta ji ba har wani ya ce ta ɗauke shi. Uba kuwa ya fi ta nisa. In ya tambayi lafiyar ɗan farinsa a gaban mahaifiyarsa, an dinga ba da labarinsa ke nan a gidan biki. Kaka ce mai ɗa, ita ke yanke abin da za a yi masa. Zakiyyu kuma, duk barkwancinsa na kasuwa, a gida mutum ne mai alkunya ƙwarai. Ko a gaban Rahama "yarinyar nan" yake cewa.

Da mai jego ta gama wanka suka dawo Taba, Inna Hajo ta ɗaura ɗamara. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ta rantse bakin da ya ci idon ɗanta ba zai ci na jikarta ba. Ta sa aka rataya labule mai kauri a ƙofar ɗakin Rahama, ta toshe taga da tsumma, ta ɗaura wa yarinya laya, ta riƙa cika mata ido da kwalli safe da yamma. Mai zuwa barka sai dai a nuna mata ƙafafu. Abin da ya ƙara ɗaure wa tsohuwa gindi, yarinyar a cikin duhu lafiya lau take kwanciya, amma da an fito da ita tsakar gida sai ta runtse ido ta tsala ihu.

"Kun gani ko?" in ji Inna Hajo. "Ƙawata ta fi ku wayo. Ita ma ta san bakin mutane ba alheri ba ne."

Hawayen da ke zuba kuwa, aka ce kwalli ne ke wanke dattin ido. Kowa ya gamsu, har ana yaba wa Inna da dabara. Zakiyyu na ji yana shiru, yana lallashin kansa da cewa wataƙila girman ido ne kawai irin na gado.

Wata ranar da ba ta kasuwa ba, da hantsi, Inna Hajo ta tafi gaisuwar rasuwa a maƙwabta, Rahama na wanki a bakin rijiya. Zakiyyu ya saci jiki ya shiga ɗaki, ya lalubo yarinyar a kan gado ya ɗauka. Ba kuka take ba, har 'yar gwalantu take yi masa, amma da ya shafa kumatunta sai ya ji su sharkaf. Ya goge da bakin rigarsa, ya ɗan jira, ya sake shafawa, sun sake jiƙewa. Ya taka a hankali zuwa ƙofa, ya yaye labule da kafaɗa. Yana jin ɗumin rana a fuskarsa, yarinyar ta ƙanƙame shi, ta cusa fuska cikin ƙirjinsa tana murzawa. Wannan cusa kan ya san shi, ba labari aka ba shi ba.

Ya kira Rahama. Ta zo tana yarfe kumfa, ta tsaya turus da ta gan shi rungume da 'yar fari a bakin ƙofa.

"Rahama, ni ba ni da ido, ke ce idona. Ki dube ta ki gaya mini tsakaninki da Allah. Baƙin idon nan fes yake?"

Can sai ya ji shessheƙa.

"Yaya, na daman ya fara yin fari-fari. Na kwana biyu da gani. Na buɗe baki zan gaya wa Gwaggo ya fi a ƙirga, sai kunya ta hana ni. Cewa za a yi na zaƙe a kan 'yar fari."

Ranar kasuwa ta zagayo, Zakiyyu ya zauna a wurinsa, amma hankalinsa na Taba. Mutumin da bai taɓa soke kansa ba, ran nan sai da basilla ta shige masa ɗan yatsa. Istifanus da ke tsaye yana jiran a gama masa lodi ya ja shi gefe, bai bar shi ba sai da ya amayar da abin da ke cikinsa.

"Malam Zakiyyu, ni fa ina wurin ran da likitan nan ya yi magana, da kunnena na ji," in ji Istifanus. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jibi zan shiga Kaduna da masara, gaban mota naku ne, har ƙofar asibitin ido. Kai dai ka san yadda za ka yi da Mama."

Yadda zai yi da Mama, ai nan gizo ke saƙar. Inna Hajo ba za ta bari a fitar da jikarta bainar jama'a don an ce mata a je a gwada ba. Sai an gaya mata dalili, dalilin kuwa shi ne maganar da ya binne tun yana saurayi. In ya tono ta, ya soki zuciyar matar da ta yi masa komai. In ya bar ta a binne, abin da ya ci Doma ba zai bar Awai ba.

Washegari bayan la'asar ya same ta ita kaɗai a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Inna, magana ce da ni a kan Ummuhani."

Hannunta ya tsaya. "Auta, yau kuma bakinka ne ke kama sunan 'yar fari a gabana? Lalle duniya ta zo ƙarshe."

"Ki gafarce ni, Inna. Kunyar ce na ga za ta ci mata ido."

Ya kwashe duk abin da likitan Maƙarfi ya faɗa ya gaya mata, bai rage komai ba: ruwan da ke taruwa, da girman da ake ɗauka kyau ne, da hawayen, da gudun hasken. Ya ce ba bakin mutane yarinyar ke gudu ba, rana ce ke yi mata zafi, kamar yadda ta yi masa. Ya ce har yanzu da sauran lokaci, amma ba shi da yawa, kuma gobe direban nan Istifanus zai iya kai su asibitin ido a Kaduna.

Da Inna Hajo ta yi magana, muryar ba irin tata ba ce.

"Wato da na kai ka, da yanzu kana gani."

"Inna, a lokacin wa ya gaya miki? Duk Taba wa ya sani? Abin da kika sani kika yi, kika haɗa da abin da ba kowace uwa za ta iya ba. Hannun nan da nake ci da shi, nake ciyar da iyali, ke kika ba ni. Wallahi ban taɓa kwana da ke a raina ba sai da godiya. Amma ni an gaya mini. In na yi shiru, ni ba ni da abin da zan ce wa Allah."

Ya ji ta ture tiren gyaɗa, ta miƙe, ta shige ɗakinta. Ya zauna nan a durƙushe, zuciyarsa na ce masa ya ɓata abin da ba zai gyaru ba. Ya jiyo ta tana fyace hanci, sa'annan ya ji ƙarar akwatin ƙarfenta da ake ja daga ƙarƙashin gado. Can ta ɗaga murya daga ciki.

"Direban naka, da wane lokaci yake tashi? Kuma ka gaya wa Rahama ni zan goya ta. Ku ba ku iya riƙon yaro a mota ba."

Haka aka yi. A asibitin ido na Kaduna wata likita ta duba Ummuhani, ta kira ciwon da sunansa, hawan jinin ido irin wanda ake haihuwar jarirai da shi, ta ce ba kasafai ake ganinsa ba, kuma yawanci sai ya gama ɓarna ake kawo yaro. Ta ce na hagu da sauran lafiyarsa sosai, na dama ya taɓu amma ba a makara ba, sai dai dukansu biyu sai an yi aiki. Da Inna Hajo ta ji za a sa wuƙa a idon jaririya, sai da ta dafa bango.

"'Yar nan, to kambun bakan fa?" ta tambayi likitar.

"Mama, ki riƙe wannan ɓangaren da addu'a," in ji likitar. "Mu kuma ki bar mu mu buɗe wa ruwan hanya."

Wannan rabon aiki ya yi wa tsohuwa daidai. Layar da aka ce a cire daga wuyan yarinya, ta ɗaure ta a ƙarfen gadon asibiti, ta zauna kusa da ita da carbi, ta kuma sa wa ma'aikatan jinya ido, duk wadda ta ce yarinyar kyakkyawa ce sai ta biya tubarkalla kafin ta wuce. Can Hunkuyi kuwa 'yan hatsi da 'yan dako suka yi karo-karo, Istifanus ya kawo, ya ce sun ce a gaya wa mai basilla ya yi maza ya dawo, buhunansu na ta zubar da masara a hanya. Zakiyyu ya buɗe baki zai mayar da barkwanci, sai godiya kawai ta fito.

Aka yi aiki, aka kwance bandeji. Likita ta ce ruwan ya sami hanya, ta haɗa su da maganin ɗigawa, ta ce kwalli a dakata da shi, kuma zuwa awo ya zama nasu har yarinya ta girma, wataƙila ma ta sa tabarau. Rahama ta ce farin ya fara washewa. Inna ta ce ƙawarta har harararta take yi. Zakiyyu ya yi ta hamdala, amma can ƙasan ransa bai sauka ba. Ya san yadda masu ido ke lallashin makaho, ya kuma san yadda ake gaya wa wanda ake ƙauna rabin magana, tunda shi ma ya yi.

Bayan sun koma Taba da 'yan makonni, yarinya ta fara zama, wata safiya ya ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a zaunar masa da ita a gabansa. Ya roƙi Inna da Rahama kada wadda ta yi motsi ko tari. Ya san yaran da ba sa gani da kunne suke kamo abu, shi ya sa ya naɗe hannun rigarsa don kada ta yi ƙara, ya riƙe numfashinsa. Sa'annan ya ɗaga hannu a hankali ta gefen hagunta, ya buɗe yatsu, ya tsaya cak.

Shiru. Kaza na tono a bayan rumbu. Hannun ya fara yi masa nauyi, zuciyarsa na bugawa har yana tsoron yarinyar za ta ji.

Sai ya ji 'yan yatsu masu ɗumi, jiƙe da yawu, sun cafke babban yatsansa.

Ya zare a hankali, ya sauke hannun ƙasa, ya zagaya da shi ta gefen dama, wajen idon da ya taɓu, ya ɗaga can sama kaɗan. Wannan karon ya fi daɗewa. Ya ji ta yi 'yar ƙara irin ta mai miƙa, tabarma ta motsa, sai ga yatsun nan sun sake kama shi, har da ja zuwa baki.

"Inna," ya ce. "Inna, ta kama."

"Ina gani, Auta," in ji Inna Hajo, tana kuka ba ta ko ɓoyewa. "Sake yi. Don Allah sake yi."

Ya sake, sama da ƙasa, kusa da nesa, hawaye na bin gemunsa. Duk inda ya kai hannun, a nan ta same shi.